Darasin Kasuwanci: Yadda Marubuci Zai Tallata Littafinsa Ya Dawo da Jarinsa

Da yawa daga cikin masu rubuta littafi sukan ɗauka cewa ranar da aka sauke masu katan-katan daga maɗaba'a aiki ya ƙare. A ma'aunin ɗan kasuwa kuwa, ranar ce aka kulle jari a cikin kwali, kuma ba zai fito ba sai wani ya miƙa kuɗinsa ya karɓi kwafi. Darasinmu na wannan fitowa zai dubi littafi a matsayin haja, domin amfanin marubutan da ke buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, da masu kantuna, da kuma attajiran da akan nemi su zuba jari a wannan sana'a. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, tallar littafi lissafi ce da ake somawa tun kafin a je maɗaba'a, kuma amfaninta ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato ko wanda ya ji labarin littafin zai same shi kusa da shi a lokacin da sha'awarsa ba ta huce ba.

Wace irin haja ce littafi?

Littafi ya bambanta da sabulu ko atamfa ta fuskoki 3, kuma kowace dabarar talla daga cikinsu take fitowa.

Na farko, akasarin kuɗin da ake kashewa a kansa tun da fari ake kashe su. Ladan mai gyaran rubutu, da na mai tsara shafuka, da na mai zanen bango duk ɗaya ne, ko kwafi 100 za a buga ko 10,000. Saboda haka yawan abin da aka sayar shi ke raba riba da faɗuwa.

Na biyu, mai saye ba ya iya sanin ingancin littafi sai bayan ya karanta shi, ga shi kuma sai ya biya zai karanta. Mai sayen atamfa yakan taɓa ya ji kaurinta, mai sayen hatsi yakan damƙa ya duba ƙwaya. Mai sayen littafi ba shi da madogara sai sunan marubuci, da bango, da abin da ya ji daga bakin wanda ya amince wa.

Na uku, wanda ya sayi sabulu yau zai dawo bayan mako biyu, amma wanda ya sayi littafi ba zai sake sayen wannan littafin ba, hasali ma zai ba da aronsa ga mutanen gidansa da maƙwabta. Kowane sabon littafi sabuwar haja ce da ke bukatar sabuwar talla. Abin da ke ɗorewa daga wannan littafi zuwa wancan shi ne sunan marubuci, don haka shi ne ainihin kadarar da ake ginawa.

Abin da tarihin sana'ar ya koyar

Ƙagaggun labaran Hausa na boko a hannun hukuma suka tashi. Gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933 ita ce ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950 har aka rufe ta a 1959, kana kamfanin NNPC na Zariya ya kafu a 1966 da haɗin gwiwar Gaskiya da Macmillan. A duk wannan zamani babbar kasuwar littafi ita ce makaranta da azuzuwan yaƙi da jahilci. Marubuci ba ya talla, domin idan littafinsa ya shiga manhaja ma'aikatar ilmi da iyayen yara za su saye shi ko sun so ko ba su so ba.

Wannan tsari ya girgiza a shekarun 1980. Kuɗin man fetur ya ragu, sannan Shirin Gyaran Tattalin Arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar Naira. Takardar ɗab'i da tawada suka yi tsada, kamfanonin yin takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin kuma suka yi ta tangal-tangal har suka durƙushe. Manyan kamfanonin ɗab'i sai suka tattara ƙarfinsu a kan littattafan makaranta da ke da tabbacin ciniki, suka juya wa sababbin marubuta baya.

A cikin wannan giɓi ne matasan marubuta, musamman a Kano, suka shiga buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u, abin da masana suka sa wa suna Adabin Kasuwar Kano. Ana iya yin muhawara a kan darajar wasu daga cikin waɗannan littattafai ta fuskar adabi, kuma an yi ta sosai a jaridu a shekarun 1990. Ta fuskar kasuwanci kuwa, sun nuna ƙwarewar da ta cancanci nazari. Sun san masu karatunsu, waɗanda akasarinsu mata ne da matasa da suka yi karatun boko gwargwado. Sun sa farashin da ɗaliba ko matar aure za ta iya biya. Sun raba labari zuwa littafi na 1 da na 2 da na 3, ta yadda cinikin na farko ke biyan kuɗin buga na biyu, mai karatu kuma ya zauna cikin ɗokin jin ƙarshe. Sun kai hajarsu inda jama'a suke, wato kasuwa da tashar mota da teburan masu jarida. Ƙungiyar Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu ke cikin fitattun 'ya'yanta, ta riƙa jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a shafukan littafin kowane ɗayansu, sai kowane kwafi ya zama ɗan talla ga sauran. Ta irin wannan hanya In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya karaɗe ƙasar Hausa a farkon shekarun 1990 ba tare da goyon bayan wani babban kamfani ba.

Makamancin haka ya taɓa faruwa a Kudu. Tun daga ƙarshen shekarun 1940, 'yan kasuwar Onica sun riƙa buga ƙananan littattafai masu araha cikin sauƙaƙan Turanci, irin su Veronica My Daughter na Ogali A. Ogali wanda ya fito a 1956, har yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya lagon wannan ciniki. Darasin Kano da na Onica ɗaya ne: littafi ya fi tafiya idan ya bi hanyar da sauran kayan masarufi ke bi zuwa hannun talaka.

Lissafi kafin ɗab'i

Bari mu buga misali da alƙaluman da muka ɗauko don koyarwa kawai, kowa ya maye gurbinsu da farashin da ya tarar a garinsu.

A ɗauka marubuci zai buga kwafi 1,000. Gyaran rubutu da tsara shafuka da zanen bango da sauran takardu sun ci N300,000. Maɗaba'a ta nemi N900 a kan kowane kwafi, wato N900,000. Ya ware N200,000 don sufuri da talla. Jimillar jari ta kama N1,400,000, kowane kwafi ke nan ya tsaya masa a kan N1,400.

Idan ya sa farashin N3,000, zai iya zaton yana da ribar N1,600 a kan kowane kwafi. A nan ne da yawa suke yin tuntuɓe. Mai kanti da ɗan sari ba za su yi aikin banza ba. A ɗauka la'adarsu kashi 35 cikin 100 ce, wato N1,050. Abin da zai shigo hannun marubuci N1,950 ne. Idan aka raba N1,400,000 da N1,950, za a ga sai ya sayar da kwafi 718, kuma an biya shi kuɗinsu, kafin uwar kuɗi ta dawo.

Har ila yau, ba duka 1,000 ɗin ne za su shiga kasuwa ba. A cire kwafi 60 na kyauta ga 'yan jarida da malamai da ɗakunan karatu, haɗe da waɗanda suka lalace a hanya. Saura 940. In duk sun ƙare an kuma biya, za a sami N1,833,000, riba ta zama N433,000. To, amma idan dillali ɗaya ya karɓi kwafi 150 bashi ya ƙi biya, N292,500 sun salwanta, riba ta koma N140,500. Mutum ɗaya ke nan ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na ribar aikin shekara guda ko fiye.

Mai maɗaba'a zai iya ba da shawarar a buga 2,000 domin ya rage farashi zuwa N750. Gaskiya ne kowane kwafi zai sauko zuwa N1,000, amma jari ya tashi zuwa N2,000,000, kuma yanzu sai an sayar da kwafi 1,026 kafin a fita daga faɗuwa. Arahar da ta ƙara yawan kwantai tsada ce. Ga sabon marubuci ya fi dacewa ya buga kaɗan, ya ga kamun ludayin kasuwa, sannan ya sake bugawa.

Akwai kuma batun lokaci. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, farashin takarda, wadda akasari daga waje ake shigo da ita, ya yi tashin gwauron zabo, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. A irin wannan hali, kuɗin da suka shekara biyu suna dawowa da kaɗan-kaɗan ba za su iya sake buga adadin da aka fara bugawa ba. Saurin juya jari yana da muhimmanci daidai da yawan riba.

Rarrabawa kafin shela

Tun da kuɗi a hannun masu sayarwa suke maƙalewa, wajibi ne marubuci ya tsara hulɗarsa da su kafin ya yi shela. Hanyoyin 3 ne. Akwai sayarwa kai tsaye ga mai karatu, inda babu la'ada. A misalinmu na sama kwafi 467 kacal za su dawo da jari, sai dai hannun mutum ɗaya ba ya kai wa nesa. Akwai sari da kuɗi hannu, inda ɗan kasuwa zai nemi ragi mai yawa amma marubuci ya huta da bin bashi. Akwai kuma ajiye kaya a kanti a biya bayan an sayar, wadda ita ce ta fi yawa kuma ita ce ta fi haɗari.

Wanda zai bi hanya ta uku ya kiyaye ƙa'idodi kaɗan. Kada ya ba kanti ɗaya kaya masu yawa a karo na farko. Kwafi 20 da aka biya sun fi 200 da ke jibge a bayan kanta. Ya rubuta yarjejeniya mai nuna adadi, da la'ada, da ranar lissafi, da wanda zai ɗauki asarar abin da ya lalace. Kada ya ƙara sabon kaya sai an biya na baya. Ya kuma riƙe littafin lissafi da zai nuna masa wane gari ne kaya ke tafiya, domin nan ya kamata kuɗin talla su nufa.

Sai littafi ya isa kantuna sannan a buga ganga. Marubucin da ya yi hira a rediyo alhali littafinsa na maɗaba'a ya yi asarar wannan dama, domin mai sauraro zai je kanti sau ɗaya, in bai samu ba da wuya ya koma. Kowace sanarwa ta faɗi abu 3 a fili: sunan littafi, farashinsa, da inda za a same shi.

Hanyoyin talla da abin da kowace ke iya yi

Bango da suna su ne talla ta farko, kuma su kaɗai ne ke aiki dare da rana ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sunan ya kasance mai sauƙin faɗa da tunawa, tun da baki da baki labarin zai yaɗu. Ba banza ba marubutan Hausa suka yawaita ɗauko sunayen littattafansu daga karin magana. Bayanin da ke bayan littafi ya gaya wa mai saye abin da zai samu cikin 'yan layuka, ba tarihin makarantun da marubuci ya yi ba.

Rediyo har yanzu shi ne ya fi isa ga mai jin Hausa a birni da ƙauye, har da ƙetaren iyaka kamar Maraɗi da Damagaram. Filayen karanta littattafai da tashoshi da dama ke gabatarwa sun daɗe suna ɗaga sunan marubuta. Sai dai a yi yarjejeniya a kan iyakar abin da za a karanta da lokacin da za a karanta shi, domin wanda ya ji labari daga farko har ƙarshe a kyauta ba lalle ne ya nemi littafin ba.

Sharhi daga malamin jami'a ko ɗan jarida yana magance matsalar da muka ambata ta rashin sanin inganci kafin saye. Kwafin da aka ba irin waɗannan mutane kuɗin talla ne, a sa shi cikin lissafi, a kuma aika da shi makonni kafin fitowar littafi.

Bikin ƙaddamarwa yana bukatar a yi masa kallon basira. A ƙasar nan ya zama al'ada a gayyato masu hannu da shuni su sayi kwafi kaɗan da kuɗi masu yawa. Wannan hanyar tara jari ce, kuma tana da amfaninta, amma ba ta nuna ko littafi zai yi kasuwa. Bugu da ƙari, ba duk alkawarin da aka yi a gaban lasifika ne ke zama kuɗi a banki ba, alhali kuɗin zaure da abinci da katin gayyata tilas a biya su nan take. Kada a kashe a kan biki abin da ya wuce kuɗin da aka tabbatar za su shigo.

Gasa da tarurruka suna gina suna. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi inda ake karatu da musayar ra'ayi. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta da dama. A shekarar ce kuma Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta kamfanin NLNG mai darajar Dala 100,000 da littafinsa Season of Crimson Blossoms. Akwai bikin baje kolin littattafai na ƙasa da ƙasa da ake yi a Legas, inda masu ɗab'i da masu kantuna ke haɗuwa, kuma Kaduna ta karɓi bikin littattafai da fasaha na KABAFEST tun daga 2017.

Daɗin daɗawa, labari ɗaya yana iya shiga kasuwa fiye da ɗaya. Littattafan Kano da dama sun koma finafinai a shekarun 1990, sannan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito cikin Turanci a 2012, fassarar Aliyu Kamal, daga kamfanin Blaft na ƙasar Indiya. Saboda haka marubucin da ya sayar da dukkan haƙƙinsa ga ɗan kasuwa a kan kuɗi ƙalilan don matsin yau, ya sayar har da amfanin gonar da bai shuka ba tukuna.

Kasuwar wayar hannu

A 'yan shekarun nan kaso mai yawa na masu karatun ƙagaggun labaran Hausa ya koma wayar hannu. Marubuta, musamman mata, sukan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, sannan mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki a sa shi cikin zauren waɗanda suka biya. Mai lura zai ga cewa tsohuwar dabarar littafi na 1 da na 2 ce ta sake riga. Fa'idarta a bayyane take: babu kuɗin takarda, babu kwantai, babu dillalin da zai riƙe kuɗi, kuma mai karatu a Kumasi ko Jidda yana samun rubutu a daidai lokacin da na Zariya ya samu.

Illolinta 2 ne. Ta farko, mutum ɗaya da ya biya yana iya tura littafi ga ɗaruruwan da ba su biya ba cikin ƙiftawar ido. Ta biyu, wanda ya gina kasuwarsa a dandalin wani, a filin aro ya yi gini. Manhajar OkadaBooks, wadda aka kafa a 2013 ta kuma zama kasuwa ga ɗimbin marubutan Nijeriya har da na Hausa, ta rufe a ƙarshen Nuwamba na 2023. Marubuci mai hangen nesa zai riƙe jerin masu sayen littattafansa a hannunsa, da yardarsu, ya kuma baza hajarsa a wuri fiye da ɗaya. Hanya mai ma'ana ita ce a haɗa kasuwannin biyu: a gwada labari a waya, a karɓi kuɗin masu son kwafin takarda tun kafin ɗab'i, sannan a buga gwargwadon bukatar da aka gani da ido.

Takardun da ke buɗe ƙofa

Littafin da ake son ya shiga manyan kantuna da ɗakunan karatu da makarantu yana bukatar lambar shaida ta duniya, wato ISBN, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa a Nijeriya. Dokarsa ta 1970 ta kuma wajabta wa mai ɗab'i mai zaman kansa ya ajiye kwafi 3 na duk abin da ya buga a can. Haƙƙin mallaka yana ƙarƙashin sabuwar dokar 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta shafi har da abin da ake yaɗawa ta intanet, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da ita. Mai niyyar sayarwa a Kano kuma ya nemi sanin ƙa'idodin Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001. Duk wata yarjejeniya da kamfanin ɗab'i ko mai shirya fim ko gidan rediyo ta kasance a rubuce, ta fayyace irin haƙƙin da aka bayar, da tsawon lokaci, da kason marubuci.

Taƙaitawa

Kafin marubuci ko mai ɗaukar nauyinsa ya biya kafin alƙalami a maɗaba'a, ya kamata ya iya amsa tambayoyi 5 a rubuce. Wane ne zai sayi wannan littafi, kuma nawa zai iya biya? A wane kanti ko a wace waya zai same shi? Nawa ne zai rage a hannuna bayan la'ada? Kwafi nawa zan sayar kafin jari ya dawo, kuma cikin wata nawa? Wa zai riƙe mini kuɗi, kuma mece ce shaidata a kansa? Wanda ya kasa amsa ɗaya daga cikinsu, gara ya jinkirta ɗab'i ya koma ya yi bincike, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kyawun rubutu shi ke sa mai karatu ya nemi littafi na gaba, amma tsabtar lissafi ce ke ba marubuci halin buga shi.